Sennheiser HD 650: matashin kunne ya fi amfilifaya sauya masa murya

HD 650 ya shigo kasuwa a 2003, kuma har yau da shi ake gwada sauran hedifon idan ana maganar muryar ɗan Adam. Buɗaɗɗen baya ne, wato iska da sauti na wucewa ta bayansa, turjiyarsa ga wutar lantarki kuma om 300. Ƙorafi biyu ne ke binsa tun fil azal: bes ɗinsa ba ya sauka can ƙasa, siririn amon sama kuma kamar an lulluɓe shi da mayafi. Mai shi yakan fara zargin amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya sayi wani, ya sake sayen wani, alhali matashin da ke manne da kunnensa ya shekara uku yana lotsewa. Abubuwa uku ne a kan tebur a wannan sharhi: amfilifayar JDS Labs Atom samfurin farko mai taransisto, amfilifayar Bottlehead Crack mai kwalba (kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo), sai matashin kunne, na kamfani da na wasu maƙera irin su Dekoni.

A fara da lissafi, domin shi ke raba gardama. Takardar Sennheiser ta ce bolt 1 na ba HD 650 ƙarar desibel 103. Wanda ke sauraro a kusan desibel 85 yana buƙatar sarari a sama saboda bugun ganga da tashin kiɗa na bazata, don haka a kan ɗauki 110 a matsayin ƙololuwa. Bambancin desibel 7 ke nan, wato bolt 2.2, wanda a kan om 300 bai wuce miliwat 17 ba. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, bolt yake nema. Shi ya sa ƙaramin adaftan USB-C na Apple, mai ba da bolt 1, yake iya kunna shi amma ya kasa a faifan da aka naɗa da ƙarancin ƙara, irin na kiɗan gargajiyar Turai. Samfurin adaftan da ake sayarwa a Tarayyar Turai rabin bolt ne, ya rage desibel 6 ke nan, a nan kam gazawar a fili take.

Atom na fitar da sama da bolt 8 a kan hedifon mai babbar turjiya, da wat 1 a kan om 32. Ga HD 650 wannan ya kai wajen desibel 120, abin da kunne mai lafiya ba ya nema. Turjiyar mafitarsa ba ta kai om 1 ba, saboda haka ba ya ƙara komai, ba ya rage komai, kuma ba a jin shuu idan kiɗa ya tsaya. Aibinsa a jiki yake: akwatin roba ne marar nauyi, waya mai kauri na iya jan sa a kan tebur. Mamurɗin ƙararsa kuma irin na gargajiya ne, idan an murɗa shi kaɗan daga sifili wani lokaci kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Maganin shi ne a bar shi a ƙaramin mataki na ƙarfi, yadda mamurɗin zai zauna tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 idan an kwatanta da fuskar agogo. DAC, na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa wutar da amfilifaya ke karɓa, mai ba da bolt 2 tare da ƙaramin mataki ya wadatar a yawancin waƙoƙi. Babban mataki sai an shiga gyaran sauti da manhaja.

Wanda ya tashi daga waya ko kwamfutar tafi-da-gidanka ya koma Atom zai ji bambanci idan tsohon abin yana gazawa: ganga ta daina shaƙewa, ƙarar ta isa. Wanda kuwa ya riga ya mallaki amfilifaya mai tsabta da isasshen bolt, ya sayi wani mai taransisto da ya ninka shi tsada, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abin da ke ruɗin mutane shi ne kunne na ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da da rabin desibel ne. Kafin a yanke hukunci a daidaita su: a saki amo tsayayye na Hz 400 ko ƙasa da haka, domin mitar awon wuta mai araha ba ta karanta na sama daidai, a auna bolt a mafitar kowanne hedifon yana jone, a murɗa har su zo cikin kashi 1 cikin 100 na juna. Wannan kusan desibel 0.1 ne. Sannan wani ya riƙa sauya waya ba tare da mai sauraro ya gani ba. Yawancin "faɗin fili" da "zurfin baya" da ake yabo a nan suke ɓacewa.

Crack daban ne, shi da gaske yana sauya sauti, kuma ana iya lissafa dalilin. Ba shi da taransifoma a mafita, kwalba biyu ke aiki, 12AU7 da 6080, turjiyar mafitarsa kuwa wajen om 120. Ita kuma turjiyar HD 650 ba a om 300 take tsaye ba, tana hawa zuwa kusan 500 a daidai Hz 100. Wutar na rabuwa tsakanin amfilifaya da hedifon gwargwadon turjiyarsu. A inda yake 300, hedifon na samun 300 cikin 420, kashi 71 cikin 100. A inda yake 500, yana samun 500 cikin 620, kashi 81. Ƙarin desibel 1 ke nan a tsakiyar bes. Ka haɗa da 'yar gurɓatar amo da kwalba ke ƙarawa, mai sa amo ya yi kauri, sai ka samu ɗumin da masoyansa ke magana. Yana da daɗi, musamman a murya da jita. Sai dai bai taɓa matsalar farko ba: ƙasan Hz 50 na nan a yadda yake, abin da ya ƙaru shi ne wurin da dama HD 650 yake da shi da yawa.

Kuma Crack na zuwa ne a wargaje, mai saye ke haɗa shi da dalma. A cikinsa akwai wuta sama da bolt 100, kafasitocinsa na riƙe ta bayan an zare filogi. Awon turjiya da na bolt da littafinsa ya tsara kafin a jona komai ba abin tsallakewa ba ne. A kunna shi, a jira kwalaben su yi ɗumi, sannan a sa hedifon, a kuma cire shi kafin a kashe. Ƙarin allon da suke kira Speedball na rage gurɓatar amo, bes ya ƙara ɗaurewa. Kada a haɗa shi da hedifon mai om 32: kashi 21 cikin 100 na wutar kaɗai zai isa gare shi, bes kuma ya kumbura ya saki. Ƙa'idar da aka saba ita ce turjiyar mafita kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon. Crack ya karya ta da gangan, kuma sai a kan om 250 zuwa sama karyawar ke yin daɗi.

Akwai hedifon da maganar ƙarfi ta zama gaskiya a kansu. Hifiman HE6 na ba da desibel 83.5 ne kacal daga miliwat 1 a kan om 50, don haka kaiwa 110 na cin kusan miliwat 450. Wannan ya ninka bukatar HD 650 sau ashirin da wani abu. Shawarar masu irin wannan ce ake kwasowa a ɗora wa HD 650 ba gaira ba dalili.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Matashin kunne shi ne ɗakin da 'yar lasifikar ke magana a ciki. Shi ke ƙayyade tazara tsakaninta da kunne, da yawan iskar da ke tsare, da yadda iskar ke sulalewa, da yawan siririn amon da yadin ke shanyewa. Amfilifaya biyu masu tsabta ba sa bambanta da ko kashi ɗaya cikin goma na desibel. Matashi biyu kuwa na iya bambanta da desibel da dama a wurare daban-daban. Beyerdynamic ma ta nuna haka a fili: DT 1990 Pro samfurin farko ya zo da matashi kala biyu a kwali ɗaya, ɗaya mai huji 4 a bayansa, ɗaya mai huji 20, kuma ko wanda bai saba ba zai ji bes ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Na HD 650 karan-miski ne a kan soso mai laushi. Gumi da man fata da matsin baka na lotsar da shi a hankali, yadda mai shi ba ya lura, tun da kunnensa na sabawa kowace rana. Idan ya lotse, lasifika ta matso, siririn amon sama ya ja baya, ƙasan tsakiya ya cika. Mayafin nan da ake ta faɗa, rabinsa tsohon matashi ne. Gwajin mai sauƙi ne. In kunne na taɓa soson ciki, ko in an danna matashin da yatsa bai dawo da sauri ba, ko gefen da ke bayan kunne ya fi na gaba kwanciya, lokacinsa ya yi. Mai amfani da shi kullum ya sa ran sauyawa bayan shekara ɗaya zuwa biyu.

Sauyawar ba ta buƙatar kayan aiki. A sa yatsu ta cikin ramin matashin a ja a hankali, zoben robar da ke bayansa zai fita daga mazauninsa. A ƙarƙashi akwai siririn soso mai siffar ƙwai da ke rufe lasifika, sabon matashin kamfani na zuwa da nasa, a sauya shi tare. Kada a taɓa fatar lasifikar, kada a hura mata iska da ƙarfi, in gashi ya maƙale a cire shi da hantsaki, domin gashi guda na sa bes ya riƙa karkarwa kamar lasifika ta fashe. A ɗora sabon, a bi gefensa ana dannawa har a ji ya shiga ko'ina. In an bar gefe ɗaya a ɗage, bes zai karkata kunne guda. A sauya biyun lokaci ɗaya. Wasu na cire wancan siririn soso don sama ta buɗe. Tana ɗan buɗewa, amma ƙura da gashi sun samu ƙofa.

Makon farko sabon matashi zai yi tauri, sautin ya fi haske, har wani ya ce tsohon ya fi. Soson ne bai kwanta da siffar kai ba tukuna. In matsin ya yi yawa, a zaro sandunan ƙarfen da ke daidaita tsawo har ƙarshe, a lanƙwasa ƙarfen waje kaɗan-kaɗan. Bakan roba na sama ba a lanƙwasa shi, fentinsa na tsagewa, shi ma yana iya karyewa.

Dekoni na yi wa wannan hedifon matashi iri-iri: fatar tunkiya rufaffiya, fatar tunkiya mai huji-huji, karan-miski, da gauraye mai fata a gefe da yadi a fuska. Ɗinkinsu mai kyau ne, sosonsu mai bin siffar kai ne, ya fi na kamfani daɗewa kafin ya lotse, fata kuma ana goge ta. A sauti ne hukuncin ya rabu. Rufaffiyar fata na tsare iska, bes ya ƙaru, amma an tsara HD 650 ne da matashi mai numfashi, don haka murya, wadda ita ce dalilin sayensa, takan ja baya ta yi kamar daga cikin randa. Mai huji da na karan-miski sun fi kusa da asali, ko da yake ba su zama shi ba. Soso mai bin siffa kuma na tauri a sanyi, ya yi laushi da ɗumin fata, saboda haka a ba shi mintuna kafin a saurara da niyyar hukunci. Wanda ke son muryar HD 650 yadda take ya tsaya a na kamfani. Na fata sun fi dacewa da wanda zufa ke cinye masa karan-miski cikin 'yan watanni, kuma ya yarda zai gyara sautin da manhaja.

Mai tabarau ba shi da babbar asara a nan, tun da matashin dama yana sakin iska. A rufaffen hedifon ne ƙafar tabarau mai kauri ke zubar da bes. Don a gane, a saki amon Hz 40, a cire tabarau a ji ko ya ƙaru.

Bes na can ƙasa kuwa, ba Atom ba Crack ba matashi, babu mai kawo shi da tsabta. Aikin manhaja ne, irin Equalizer APO a Windows. A ɗaga duk abin da ke ƙasan Hz 100 da desibel 4 zuwa 6, sannan a rage ƙarar gaba ɗaya da daidai wannan adadi, in ba haka ba sautin zai yanke ya riƙa tsatsa. A nan ne amfilifaya ke samun aikin yi: ragin desibel 6 na nufin ninka bolt sau biyu, bolt 2.2 ɗin nan ya koma kusan 4.5, adaftan waya ya fita daga lissafi, a Atom kuma sai a koma babban mataki. Kada a zarce 6, domin 'yar lasifikar HD 650 na fara gurɓata amo idan an matsa mata a ƙasa da ƙara mai yawa. Kuma a yi gyaran bayan an sa sabon matashi, domin alƙaluman gyara da ake rabawa yawanci a kan sabo aka auna su, in an ɗora su a kan lotsattse sakamakon zai kauce.