Ƙaiƙayin da ya hana ni barci a Landan da man da aka ƙi sayar min

Assalamu alaikum mutanen Kano. Masu ta kira da turo saƙo kuna tambayar jikina na gode, Allah ya bar zumunci, da sauƙi alhamdulillah. Yawancinku kun san ina fama da sankarar jini, irin mai tafiya a hankali da likitoci ke ce wa CML, ƙwaya ɗaya nake sha kullum, imatinib 400mg, wadda a gida aka fi sani da Glivec. Jinin kam ya daidaita, duk wata uku ana ɗiba a auna abin nan BCR-ABL, alamar ciwon a cikin jini, kuma yana ta sauka. Abin da ban ba ku labari ba shi ne ƙaiƙayi, don a wajenmu in mai sankara ya ce ƙaiƙayi ne ya dame shi sai a ce ya gode wa Allah, wasu na can kwance ba sa iya tashi.

To wallahi ƙaiƙayin nan ya fi duk wani abu da ciwon ya zo min da shi wahala. Da rana da ɗan dama, amma da na kwanta jiki ya ɗau ɗumi shikenan, ƙwauri, baya, damatsa, kamar cinnaku ne ke yawo a ƙarƙashin fata, in sosa nan can ya ɗauka, har da mataji nake sosawa, da safe in ga ɗigon jini a zanin gado. A cikin sallah ma hankalina rabi yana kan karatu rabi yana kan bayana. Ga tabo baƙi-baƙi duk inda farce ya bi.

Da na gaya wa Yaya a waya nan take ta turo min hoton wani mai, irin masu haɗi uku ɗin nan da kowa ke saya a kemis ɗin unguwa, ta ce ko jikanta da ya yi ƙuraje shi aka shafa masa kwana biyu ya wuce. Na ɗau mayafi na tafi kemis ɗin da ke bakin titinmu, na miƙa wa matar wayata. Ta ƙara girman hoton ta karanta ƙananan rubutun jikin kwalin, ta ɗago ta ce wannan akwai clobetasol a ciki, ba za ta iya sayar min ba sai da takardar likita. Na ce ga kuɗina a hannu, ba kyauta nake nema ba. Ta ce ba maganar kuɗi ba ce. Ga layi a bayana, Turawa da Indiyawa duk sun yi tsit suna ji, ni kuma a tsaye ina sosa hannu ta cikin riga, ban yi barci ba, raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa. A raina na ce man da yaro ɗan firamare za a aika da canji ya sayo a Gwammaja shi ake hana babbar mace a ƙasar da ake ta yabo.

Na juya zan fita sai ta zagayo ta ce dan Allah in ba ta minti biyar. Ashe akwai wani ɗan ɗaki a gefen kantar, kujera biyu da ƙofa, don irin maganar da ba a yi a gaban mutane. Tambayar farko, wane magani nake sha. Ina cewa imatinib ta ajiye biron hannunta. Ta tambaye ni ko ina zazzaɓi, ko akwai gyambo a bakina ko idona, ko fatar na yin bororo ko saɓa, ko fitsarina ya yi duhu, ta dubi farin idona ko ya yi rawaya. Ta karɓi hannuna ta buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta duba wuyan hannu, ta ce ƙazuwa take nema, ta tambaya ko maigida da yara suna susa. Na ce ni kaɗai ce. Sannan ta ce abu biyu take roƙona, in kira nas ɗina ta ɓangaren jini yau ɗin nan ba gobe ba, kuma duk tsananin ƙaiƙayin kada in daina shan ƙwayar da kaina, don ita ke riƙe da ciwon, likita ne kaɗai zai ce a rage ko a canja.

Ta yi min bayanin man ma. Wai mayukan siteroyid hawa huɗu ne a wajensu, hydrocortisone na can ƙasa, clobetasol shi ne na ƙoli, ana ba da shi ne na ɗan lokaci a waje ƙayyadadde. In aka yi ta lafta shi a jiki gaba ɗaya fata na sirancewa, ta yi nankarwa, jijiyoyi su fito, in akwai makero ko ƙazuwa ya ɓoye su suna ta yaɗuwa a ƙasa, kuma jiki na tsotse shi ya shiga jini. Abin da ya fi tsaya min, ta ce in na shafa kafin likita ya gani to na goge masa shaidar da zai gane ko maganin ne ke jawowa. Matar nan ta zauna da ni kusan kwata na awa, layi na jiranta, kuma ban sayi ko na sisi a shagonta ba ranar. Har yau in na tuna sai in ji wani iri, na shiga da fushi na fito ina sa mata albarka.

Nas ɗin kuwa dama tun ranar da aka gano ciwon aka ba ni kati da lambarta. Na kira na bar saƙo, kafin la'asar ta kira ni, cikin satin aka ɗebi jini aka duba hanta, ƙoda, sinadarin maƙoshi (thyroid) da sinadarin ƙarfe na jini, don kowanne cikinsu in ya samu matsala yana iya sa ƙaiƙayi ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Duk lafiya lau. Likita ya ce abu biyu ne suka haɗu, imatinib ɗin kansa sananne ne da kawo ƙuraje da ƙaiƙayi, sai kuma bushewar fata. Ruwan Landan mai alli ne, ku ga cikin butar shayinmu yadda yake yin fari, ga hita a kunne rabin shekara tana busar da iskar ɗaki fiye da hunturun Janairu a Kano. Nas ta ce in faɗa mata yadda nake wanka, na ce ruwa mai zafi sosai, soso, sabulu mai ƙamshi, safe da dare, ga alwala sau biyar ita ma da ruwan zafi saboda sanyi. Ba ta ce komai a kan alwalar ba sai cewa ta yi ruwan ya zama mai ɗumi kawai, in ajiye ƙaramin mai kusa da famfo in shafa da na idar. Soso kuma ta ce in ba shi hutu. Wannan ya min wuya gaskiya, Bahaushiya ba ta jin ta yi wanka in ba ta dirje ba.

Abin da aka rubuta min ba wani abin a zo a gani ba ne. Wata ƙatuwar roba ta gram 500 mai famfo a kai, farin mai ne kawai ba ƙamshi ba kala, da shi zan yi wanka a madadin sabulu kuma da shi zan shafa, jiki da ɗan danshi, a shafa ana bin kwanciyar gashi ba a murza ba. Ta ce babban mutum da ke shafe jiki duka yana iya cinye gram 250 zuwa 500 a sati, kada in yi tsimi. Sai wani mai menthol da nake sawa a firij don tsakar dare, da ƙwayar cetirizine ta rage ƙaiƙayi, da ƙaramin tub na siteroyid mai matsakaicin ƙarfi na wuraren da suka fi tsanani, shi ma da ma'auni, daga kan ɗan yatsa zuwa gaɓar farko ya ishi waje mai faɗin tafin hannu biyu. A yanke farce, a sa kayan auduga, in ya taso a danna ko a ɗora tsumma mai sanyi maimakon susa. Bai tafi gaba ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya, amma yanzu ina barci.

Kuma ban biya ko kwabo a kemis ba. A Ingila kowane magani ɗaya da likita ya rubuta fam 9.90 ne, amma tun 2009 mai jinyar sankara ana ba shi katin yafiya na shekara biyar. Kafin ku ce aljannar duniya, mu masu biza fam 1,035 ake karɓa a kan kowane babba duk shekara na kuɗin lafiya, a dunƙule tun wajen neman bizar, ban da harajin da ake yanka a albashin maigida. An biya ne tun gaba.

Mata ku ji wannan da kyau. Ranar da na koma karɓar robar, matar kemis ɗin ta nuna min hoton wuta a jikin robar, ta ce man na shiga cikin kaya da zanin gado ya bushe a ciki, wanki ma ba ya fitar da shi duka, kuma yadin da ya sha shi yana kamawa da wuta nan da nan. Ta tambaya ko ana shan taba a gidan ko kunna kyandir. Na ce a'a, sai gabana ya faɗi na tuna kaskon turaren wuta, mu da muke tsayawa a kansa da doguwar riga, mu rufa zani a kai, mu turara zanin gado. Na yi mata bayani, ta zaro ido. Yanzu na lantarki nake amfani da shi, shi ma nesa da jiki. Masu shafa basilin da yawa a gida ku riƙa tsayawa kan garwashi, ku kula.

Abin haushi kuwa akwai shi. In kana son ganin likitan unguwa sai ka kama waya ƙarfe takwas na safe daidai, ka yi ta jin kiɗa, a ɗauka a ce an cika sai gobe, in ka samu kuma minti goma ne. An tura ni wajen likitan fata tun sanyi bai wuce ba, ga shi har ganye ya fito ina jiran wasiƙa, ance ƙila a sa ni a wani akwatin haske da ake shiga sau biyu ko uku a sati. Takardun da suke bayarwa yawanci hoton farar fata ne da jan ƙurji, ni nawa ba ya ja, duhu yake yi, sai da na dage kafin wani matashin likita ya yarda akwai abu a wajen. Sannan ba mai shafa maka mai a baya. Maigida yana aikin dare, yara sun yi barci, ni kaɗai a banɗaki da wata sanda mai soso a kai da ake sayarwa don haka. A nan ne nake tuna Hajiya, da a gida ne da ta zaunar da ni a tabarma ta narka man kaɗe a tafinta tana shafawa tana tofa addu'a, maƙwabta na shigowa sannu. Nan takarda za a ba ka da lambar waya. Man kaɗen ma da muke saya a ƙwarya a Kurmi, nan a 'yar kwalba yake mai tsadar gaske, nas ta ce ba laifi in haɗa da shi in dai ba a zuba masa turare ba.

Yanzu ga wadda ta fi ci min rai. Hoton sallah da na turo, labari ya dawo min cewa wai na je Turai na fara bilicin. Jama'a ku ji tsoron Allah. Imatinib na sa fatar baƙin mutum ta yi haske, sananne ne, yana toshe wani sinadari da ƙwayoyin da ke ba fata launi suke buƙata. Mace na fama da kansa, tana susa har jini, abin da kuka hango kenan. Kuma masu faɗar, da yawa a jakarsu akwai ainihin man da aka hana ni, suna haɗa shi da man shafawa har su shafa wa jarirai don su yi fari ranar suna. NAFDAC da kanta a 2023 ta ce bilicin ya zama annoba a ƙasa. An tashi 'yan magani daga Sabon Gari an mai da su Dangwauro, to madalla, amma ni abin da nake so in gani shi ne mai kemis ɗin lungu ya tambayi mutum wane magani yake sha kafin ya miƙo masa tub. Tambaya ɗaya ce, ba ta buƙatar wutar lantarki ko dala. Mu kuma masu saye mu daina jin an raina mu in an tambaya.

Ba ilimi muka rasa ba, a asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin jini da na fata da suka san duk abin da na lissafa. Halinmu ne na ɓoye ƙaramin abu da kuma yanke hukunci a gida. Shekara da shekaru mai CML a Najeriya sai ya ɗau hanya har Ile-Ife ya karɓo Glivec na tallafi, mutumin da ya sha wannan tafiya in ƙuraje suka feso masa ko dai ya yi shiru don tsoron kar a karɓe maganin, ko wata gwaggo ta ce ai maganin Bature ne bai karɓe shi ba a koma jiƙo, ya ajiye ƙwayar. Duka biyun haɗari ne. In akwai mai shan wannan magani a gidanku yana susa, a kai shi ga likitansa da kwalin duk abin da yake sha da shafawa har na gargajiya. In ko da zazzaɓi, ko gyambon baki, ko fata na saɓa, ko ido ya yi rawaya, a daren za a tafi, ba a jira ranar kilinik.

Yaya, kar ki sake wahalar da kanki wajen aiko wancan man, na san don ƙauna kika yi. In an samu mai tahowa a ba shi man kaɗe na asali wanda ba a sa wa komai ba, a ɗaure shi da kyau a saka a babbar jaka ba ta hannu ba. A gaida Hajiya, a ce mata ta ci gaba da addu'a.