Gasar adadin littattafai ko wasan sarƙa?

'Yar uwa kin tambayi wanne za ki shiga, gasar adadin littattafai ko wasan sarƙa. Duka biyun na taɓa yi, kuma in dai ta ni ce wasan sarƙa za ki shiga.

Gasar adadin ta Goodreads, wato shafin intanet na masu karatun littattafai, ba laifi, kina sa adadin da za ki karanta a farkon shekara shi kuma yana miki lissafi. Ni 52 na sa, wato ɗaya kowane sati, kafin watan Afrilu ya ƙare na koma farautar 'yan ƙananan littattafai masu shafi arba'in don kawai in cike lamba, ga kuma yawancin littattafanmu na Hausa da ake sawa a Wattpad da WhatsApp ba su ma cikin jerinsu. Shi ke nan abin da zan ce a kanta.

Wasan sarƙa kuwa wallahi har yau ina jin daɗinsa. Ana ba kowa littafi ɗaya a farkon wata, sai ki ƙulla shi da wasu shida, kowanne da dalilin da ya haɗa shi da na bayansa, ko gari ɗaya, ko sunan jaruma, ko zamani, kome dai kika gano. Watan da ya fi tsaya min a rai an fara mana da wani labari da ya faru a Kano lokacin dalar gyada, ni kuma na bi ta jirgin ƙasa tunda shi ke kwasar gyadar zuwa Ikko (layin dogon ya iso Kano tun 1911), jirgin ya sauke ni a Zariya, daga Zariya sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, sai kuma littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933. A nan na maƙale don ba ni da ko ɗaya a hannu, na je gida na tambayi Hajiyarmu, ta janyo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ashe littattafan marigayi Babanmu ne a ciki, takardun sun yi ja, gara ta ci gefen wasu, ga sunansa da biro a shafin farko. Ranar har bayan isha'i ina karanta mata tana gyara min karin magana tana dariya. Kuma wasan bai tilasta miki karanta shidan a watan ba, wanda kika karanta tun kina sakandare ma ya shiga, to ga mai aiki da yara kin ga da sauƙi.

Sai dai ki yi hattara da masu bin mutane ta fraibet da zarar sun ga kina neman tsohon littafi. Wata ta ce tana da cikakken PDF, na tura mata kuɗi, abin da ya zo rabin littafi ne an ɗauki hoton shafukan a karkace, da na yi magana ta toshe ni. Wasu kuma littafin marubuciya suke sacewa daga gurup ɗin kuɗi su sayar da araha. Ki saya wajen marubuciyar kai tsaye, in tsohon bugu ne ki je wajen masu littattafai a kasuwar Sabon Gari ki duba shafin ƙarshe da idonki kafin ki biya.

Ki shiga na sarƙa wannan watan, in kin maƙale a littafi na huɗu ki yi min magana, adakar tana nan.