Wata huɗu ina gyaran hoto a allon talabijin: abin da na gani game da baƙi da fari

Sana'ata gyaran hotuna da bidiyon biki, a wani ɗan shago a unguwar Yelwa cikin garin Bauchi. Allon kwamfutata ya yi mini kaɗan, ga masu biki suna son su zaɓi hotunansu da idonsu, uwar amarya da ƙannenta duk sun yi cirko-cirko a bayana. Shi ya sa na shiga kasuwar Wunti na sayo talabijin mai inci 43, na haɗa shi da kwamfuta da wayar HDMI. Yau wata huɗu ke nan, kuma ban yi da-na-sanin sayensa ba, sai dai makon farko na sha wahala.

Ina kunnawa na ga hoto ya yi fari-fari, kamar ranar da hazo ya sauka a watan Janairu. Baƙi ya koma ruwan toka, fuskokin mutane sun dushe. Na rage haske, hoton ya yi duhu amma tokar tana nan. Na sake waya, duk ɗaya. Sai na ɗauki kayana na koma wurin mai shago, raina a ɓace. Ya jona masa dikoda a gabana, sai ga baƙi wuluk. Wani matashi da ke gyara a shagon ya ce mini, "Yaya, talabijin ɗinka lafiyarsa ƙalau. Shi da kwamfutar ne ba su fahimci juna ba." Ya yi gaskiya.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta tana auna kowane launi daga 0 zuwa 255, mataki 256 ke nan, sifili shi ne baƙi, 255 fari tas. Wannan ne cikakken zango. Harkar talabijin da fina-finai kuwa tun asali a kan 16 zuwa 235 take, mataki 220, wato taƙaitaccen zango. Kwamfutata da ta ga talabijin a bakin HDMI sai ta riƙa aika masa taƙaitacce, shi kuma yana karantawa a matsayin cikakke. Ta ce masa 16 da nufin baƙi, shi ya ɗauka toka-toka ake nufi. Hazon da nake gani ke nan.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Wanda katin hoton kwamfutarsa (abin da ke fitar da hoto zuwa allo) na kamfanin NVIDIA ne zai shiga manhajar saitin katin, wurin canza girman hoto, ya nemi Output dynamic range ya zaɓi Full ko Limited. A katin kamfanin AMD sunan wurin Pixel Format. A ɓangaren talabijin kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na cewa HDMI Black Level, inda Normal ke nufin cikakke, Low taƙaitacce, a LG da yawa kuma Black Level ne mai High da Low. Na sa duka biyun a cikakke, hazo ya washe.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Wata rana muka gyara shago, na mayar da wayar ramin HDMI na biyu a jikin talabijin ban lura ba. Talabijin ɗina kowane rami da nasa saitin, wannan kuwa yana kan taƙaitacce. Hoto ya fito da ƙarfi, launi ya yi kauri, har ya burge ni. Ashe ɓarna ce. Duk abin da ke ƙasa da 16 ya dunƙule ya zama baƙi ɗaya, duk abin da ya haura 235 ya zama fari ɗaya. Ina aikin hoton wata amarya cikin baƙar abaya mai aikin zare a hannu da wuya, aikin ya ɓace gaba ɗaya, sai ka ce ƙyalle ne kawai. Farar babbar rigar ango ma aska takwas ɗin da ke ƙirjinta ya shafe. Ni kuma na dinga ƙara wa hotunan haske don in fito da su. Da na tura wa yayar amarya a waya sai ta kira ni: "Malam, me ya sa duk muka yi fari kamar an watsa mana gari?" Kwana biyu na yi ina warware aikin hoto sama da ɗari. Wannan kuskuren ya fi na farko haɗari, domin na farko ido na ƙinsa nan take, wannan kuwa kyau yake yi maka.

Masu cewa cikakke ya fi kyau a kowane hali ba su faɗi daidai ba. Idan duka biyun suna kan taƙaitacce, hoto zai fito daidai, kuma mai kallon ƙwallo da fim kawai ba zai ga bambanci ba. Ni don aikin hoto na zaɓi cikakke. Saitin Auto kuwa na daina dogara da shi.

Yanzu ina da hoton gwaji da na haɗa da kaina: baƙin fili da ƙananan murabba'ai daga 1 zuwa 25, da farin fili mai 230 zuwa 254. Nakan kashe fitila in duba. In na fara hango murabba'ai tun daga wajen 3 ko 4, filin kuma baƙi ne sosai, to komai daidai. In sai bayan 16 suka fara bayyana, wani ya taɓa wani abu.

Talabijin ɗin kansa na yaba da girmansa, rubutu ma ya fito sarai bayan na sa shi a yanayin kwamfuta na kashe abin ƙara kaifi. Aibinsa ɗaya, wanda ya zauna a gefe yana ganin launi ya ɗan dushe, don haka nake sa wa uwar amarya kujera a tsakiya. Ramin farko kuma na liƙa masa salatif na rubuta "kwamfuta" da biro.