Bas ko Keke Napep: wanne ya fi dacewa da Birnin Kebbi?

Malama, kin tambaya ko zuba bas-bas a cikin gari zai rage cunkoso da hayaƙi fiye da Keke Napep da kabu-kabu, kuma ko talaka zai samu sauƙi. A ganina zai yi, amma ba a kowace hanya ba.

Wajen cin fili a titi, bas ta yi musu fintinkau. Hiace mai kujera 18 tana kwashe mutanen da sai Keke biyar ko shida za su ɗauka, ko babur 18. Sai dai ki tsaya bakin Babbar Kasuwa da la'asar ki gani da idonki. Abin da ya fi toshe hanya shi ne tsayuwar ganganci: mai Keke ya hango an ɗaga hannu, ya taka birki a tsakiyar kwalta, na bayansa ya kauce ya faɗa hannun wani. In bas ma nan za ta yi lodi, kwandasta na rataye a ƙofa yana "saura mutum biyu", ita kaɗai za ta tare abin da Keke uku ba su tare ba. Dole a ware mata wurin tsayawa a gefe, a kuma tilasta.

Hayaƙi lissafi ne. Litar fetur in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan 2.7. In bas ta cika, rabon kowane fasinja kaɗan ne. Amma tsohuwar bas mai shan baƙin mai, ɗauke da mutum huɗu, ta fi Keke ɓarna nesa ba kusa ba, kuma mai sayar da ƙosai a bakin titi ce ke shaƙa, musamman da hunturu.

Inda Keke ya yi zarra shi ne kai mutum ƙofar gida. Mai juna biyu da za ta awo asibitin Sir Yahaya, ko tsohuwa da buhun shinkafarta, ba za su iya takawa daga lungu zuwa babban titi a ranar Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kabu-kabu ya fi kowa sauri, ya kuma fi kowa haɗari, mata da yawa ba sa son hawansa. Matsalar duka biyun kuɗi ne: tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, shatar Keke ta gagari mai ƙaramin albashi.

Shi ya sa nake ganin a bar wa bas dogayen hanyoyi masu jama'a safe da yamma, irin ta Kalgo da ɗaliban jami'ar tarayya ke bi, da ta sakatariyar Gwadangaji. Keke kuma ya riƙa kwaso mutane daga Badariya, Gesse da Rafin Atiku yana kawo wa bas, kin ga matasan da ke ci da iyalinsu da shi ba su rasa sana'a ba.

Sharaɗin da na fi damuwa da shi lokaci ne. Ma'aikacin da ya san bas za ta tashi ƙarfe bakwai da kwata, ta cika ko ba ta cika ba, zai ajiye babur ɗinsa a gida. In sai ta cika, gobe ba zai dawo ba. Direban kansa ba zai ɗauki asarar kujerun banza ba, don haka wannan giɓin gwamnatin jiha ce za ta cike shi, tare da kuɗin gyara da kayan gyara tun ranar da aka sayo motocin.