Wasiƙa daga Burasel: Yaya, a bar maganar Marsandin nan

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, kuma tambayoyi biyu na gani a cikinsa. Ta farko, in nemo maka baƙar Marsandi mai shan dizal in ɗora maka a jirgi. Ta biyu, wadda ka saƙala a ƙarshe kamar ba komai ba, wace irin mota nake hawa a nan, tunda 'yan majalisa sun dame ka da tambaya. To ka gaya musu ƙaramar Toyota Yaris ce wadda ta haura shekara goma, kuma yawancin ranakun aiki a ajiye take wuni, jirgin ƙasa na cikin gari nake bi. Na san za su dara. Ƙyale su, kai dai ka ji yadda lamarin mota yake a nan Beljiyam, daga nan za ka ga abin da ya sa nake so ka sauya shawara.

A Kano, mota na shawo kwana an gama sanin mai ita kafin ya sauke gilas. Fijo 406 ta ma'aikacin gwamnati ce ko wanda ya yi ritaya da mutuncinsa. Honda ta samari ce masu jin kansu. Golf da Sharon na 'yan lodin Kaduna ne, Hilux da Prado kuwa ko ɗan siyasa ko ɗan kwangila. Haka muka taso muka tarar, tun zamanin da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, aka wayi gari 504 ta zama shaidar cewa mutum ya samu muƙami. Har aron mota ake yi don a je zance.

A Beljiyam wannan lissafin ba ya fita. Harajin albashi a nan yana da nauyi ƙwarai, shi ya sa kamfanoni da yawa, maimakon su ƙara wa ma'aikaci kuɗi gwamnati ta yanke kusan rabi, sai su ba shi mota da katin shan mai. Sai ka ga yaro bai daɗe da gama jami'a ba yana jan sabuwar BMW ko Audi ko Tesla, ka ɗauka ɗan gidan wani ne. Ba tasa ba ce. Ran da ya bar aikin, ran nan zai ajiye makulli a kan tebur ya koma hawa bas. Saboda irin waɗannan motocin na kamfani ne BMW ta zama kan gaba wajen ciniki a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan. Wanda zai zaro kuɗi daga aljihunsa kuwa, sau da yawa Dacia yake saye, motar da ake ƙerawa a Romaniya da Maroko, ba ta da wani ado, amma ƙirarta ta Sandero ce ta fi kowace mota kasuwa a Turai a 2024. Ga kuma harajin rajista da na shekara, waɗanda suke hawa gwargwadon ƙarfin inji. Mai babbar mota yana biyan kuɗin girman nan duk shekara, ko ya hau ko bai hau ba.

Likitar da ke duba yarana da keke take zuwa asibiti, wani dogon keke mai batir da akwati a gaba inda take zaunar da 'ya'yanta biyu. Kuɗinsa ya fi na Yaris ɗina. Mark Rutte, wanda ya yi kusan shekara goma sha huɗu yana firaministan Holan maƙwabciyarmu, ranar da ya miƙa mulki a 2024 kekensa ya hau ya bar ofis. Kada ka ce ba su da fariya, suna da ita, sai dai wani wurin suke kai ta: gida, gyaran kicin, da inda aka je hutun bazara. Masu sayen tsohuwar Marsandi mai ƙaton inji don a ɗauki hoto a jingine da ita, galibi mu ne baƙi, kuma kowa a unguwa ya san wanda ya yi haka a ɗaki ɗaya yake haya.

Lambar mota ma a nan ta mutum ce, ba ta motar ba. In ka sayar da mota sai ka kwance lambarka ka ɗaura wa sabuwar. Duk laifin da aka yi da lambar nan, gidanka takarda za ta zo.

Abin da yake nuna halin mai mota a wurinsu shi ne takardunta, kuma nan ne nake so ka nutsu. Mota na cika shekara huɗu za a fara kai ta wurin gwajin lafiya, daga nan kuma yawanci duk shekara. Wani dogon zaure ne kamar sito, motoci a layi. Ma'aikaci zai karɓi makulli ya hau da ita kan wasu rodi masu juyawa, ya taka birki, allo ya nuna ƙarfin kamun kowace taya, ta hagu da ta dama. Sai a matsa gaba kan wasu faranti da ke girgiza motar don a ga lafiyar shakazoba. A zura wata 'yar sanda a bakin salansa a auna hayaƙi. A haska fitilu cikin wata na'ura a ga ko sun karkace suna kashe wa mai tahowa ido. Daga ƙarshe mutum ya shiga rami da tocila yana bin ƙarƙashin motar, yana taɓa nan yana jijjiga can, yana neman tsatsa da ɗigar mai. Zanen taya in bai kai milimita 1.6 ba, ta faɗi. Kuɗin gwajin wajen Yuro 50 ne, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron launin takardar da za a miƙo maka. Kore, ka tafi sai baɗi. Ja, an ba ka kwana 15 ka gyara ka dawo, in kuma matsalar babba ce a ce motar ba za ta ƙara yawo a titi ba sai an gyara. Babu wanda za ka ja gefe ka ce masa a duba Allah.

Akwai kuma wata takarda da ake kira Car-Pass, wadda aka fara aiki da ita a 2006 don maganin masu mayar da mitar mota baya. Duk sanda mota ta shiga gareji, ko juye aka yi ko taya aka sauya, sai an rubuta kilomitar da ta ci an aika wa ma'ajiya guda. In za ka sayar wa wani mota, dole ka ba shi takardar nan, ya ga tarihin mitar da kwanan wata, layi bayan layi. Motar da ta nuna 210,000 bara, ba yadda za a yi ta wayi gari bana tana nuna 120,000. Mai saye a nan da takardar nan yake farawa, sai littafin sabis mai hatimin gareji, fenti ne na ƙarshe.

To ina motocin da suka faɗi gwaji suke zuwa? Wurinmu. Tun 2018 Burasel ta fara hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga gari, birnin Antwerp mai tashar jiragen ruwa ma ya riga ta da kusan shekara guda. Kyamarori ne a kan hanya suke karanta lamba, ka shigo da wadda aka hana, tara ta biyo ka gida. Ana ta ƙara tsaurara dokar, kuma masu dizal ta fi kamawa. Mutum yana da mota tana tafiya lafiya, amma ba damar ya kai 'ya'yansa makaranta da ita. Sai ya ga ɗan kati an maƙale masa a jikin gilas, an rubuta ana sayen mota ko a wane hali take, a biya nan take.

Duk katunan nan titin Heyvaert suke kai ka, a unguwar Anderlecht, tsakanin mayanka da mashigin ruwa. Ran Asabar in ka bi ta wurin sai ka rantse Ƙofar Ruwa ce aka ɗauko aka dasa a Turai. Gareji na bin gareji, manyan 'yan kasuwar galibi Labanawa ne, dillalai kuwa 'yan Gini da Kamaru da Najeriya da Nijar, kana tafe kana jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci. Ana cika motoci da katifu da firji da tayoyi, a rubuta sunan tasha a gilas da farin alli, tirela ta kwashe su zuwa Antwerp, jirgi ya yi Kwatano ko Lome ko Legas da su. Akwai mutanen kirki a wurin, akwai kuma motoci masu lafiya. Amma ka sani motar da za a fitar waje ba a tilasta mata gwajin nan kafin a sayar, dillali kuma ba lallai ya nuna maka tarihin mita ba sai ka matsa. Wasu ma kafin a ɗora su an yanke abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda makanikanmu ke ce wa indomi, an sayar daban saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa. A wanke ta, a goge, a fesa turare, ta iso Kano ana cewa sabuwar shigowa ce ba a taɓa hawa ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Maganar gyara kuwa, a nan ne nake kewar gida. Garejin da nake zuwa wajen Yuro 80 yake karɓa a kan awa ɗaya ta aikin hannu, ban da kuɗin kaya, kuma sai ka kira an sa maka rana, wani lokacin mako biyu gaba. Sannan ba sa gyara abu, sauyawa suke yi. Kwamfuta ta ce wannan ya lalace, a cire a jefar a ɗaura sabo. Bakaniken nan naka da zai kwance kik ya sauya masa burushi, ko mai walda ya ɗinke salansar da ta huje, ko mai faci ya ceto taya da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, irinsu sun yi ƙaranci a nan. Shi ya sa gyaran da ba zai gagari yaran gareji a Fanteka ba yake sa Bature ya haƙura da mota gaba ɗaya. Ta fuskar basirar hannu, mun fi su nesa ba kusa ba.

Inda suka fi mu shi ne ba sa jiran mota ta tsaya. Juye da lokacinsa, da irin baƙin man da littafin motar ya ce, ba wanda mai shago ya ce ya fi kauri ba. Bel ɗin tayimin ana sauya shi in ya ci kilomitarsa ko da ba ya ƙara, don in ya tsinke a kan gudu injin ne zai tafi. Lagireto ba a ɗura masa ruwan rijiya, ruwansa na musamman ake zubawa mai hana tsatsa. Kuma don Allah Yaya, duk motar da ta iso hannunka, kada ka bari a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Inji yana da zafin da yake so ya yi aiki a kai, in bai kai ba sai ya riƙa zuƙar mai yana cin kansa. Wanki kuwa bai dame su ba. Maƙwabcina sai ya yi wata bai wanke motarsa ba, amma ranar sabis ba ta taɓa wuce shi. Mu kullum da asuba yaro na kan bokiti da soso, baƙin mai kuma ya koma kwalta.

Yanzu ga dalilina a kan Marsandin. Masu dizal na zamanin nan suna da matatar toka a salansa, da yawansu kuma sai an riƙa zuba musu wani ruwa da ake kira AdBlue, in ya ƙare wasu ko tashi ba sa yi. An ƙera su ne don dizal mai tsabta sosai. Ka haɗa su da irin wanda ake samu a wasu gidajen manmu, da ƙurar hunturu, da cunkoson cikin gari inda mota ba ta samun ta miƙe, matatar ta toshe, fitilu su cika dashbod, motar ta ƙi gudu. Injekta ɗaya kuɗinta ya isa a yi wa Corolla sabis na shekara.

Abin da nake gani shi ne in nemo maka Corolla ko Avensis mai fetur, daga hannun mai ita kai tsaye, wadda take da koren takarda da Car-Pass da littafin sabis. Zan sa a ɗaga ta in leƙa ƙasanta da kaina, saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe daga ciki. Tayoyi ma zan duba. In akwai hoton tsauni da ƙanƙara a gefensu, na lokacin sanyi ne, robarsu mai laushi ce, zafin hanyar Zariya a watan Afrilu zai gama da su da wuri. Akwai kuma lambobi huɗu a jikin kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, misali 3219 na nufin mako na 32 na 2019. Kai ma ka riƙa duba wannan in za ka sayi taya 'yar gwanjo.

Saura hanya. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota Najeriya ta kan iyakar ƙasa, don haka ba maganar Kwatano, Legas za ta sauka. Ka samu wanda ka yarda da shi cikin masu fitar da kaya a tasha, ya yi maka lissafin kuɗin kwastan na Corolla da na Avensis, ya kuma tabbatar maka da iyakar shekarun da ake bari a shigo da su yanzu, kafin in ba kowa ko sisi a nan. Da ka turo mini wannan sai in fara nema.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hanya. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka, daga Burasel.