Vampire Diaries, Teen Wolf ko Buffy, wanne za ka ce a tura maka?

Ƙanwata ce jiya za ta shagon masu tura fim take tambayata yaya wanne zan sa a zuba min, memorin nata babu fili sosai kuma kuɗin na siris ɗaya ne, to da yake duk ukun na kalla wasu ma na maimaita shi ne na ce bari in rubuta ko wani ma zai amfana.

In dai kiɗa ne damuwarka kada ka tsaya dogon tunani, Vampire Diaries za ka ɗauka. Daga 2009 zuwa 2017 aka yi shi, sizin 8, efisod 171, labarin Elena da wa da ƙani masu shan jini, Stefan da Damon, a garin Mystic Falls. Mutanen nan sun iya ajiye waƙa a gurbinta wallahi. Akwai wajen nan a sizin 1 efisod 19 da Stefan ya ɓace ranar gasar sarauniyar kyau, Elena tana saukowa daga bene babu mai tarbarta, sai Damon ya matso ya tsaya a madadinsa, suka yi rawar nan da tafin hannu ke kusantar juna ba ya taɓawa, waƙar All I Need ta mawaƙan Within Temptation tana tashi a ƙasa ƙasa. Sai jana'izar Jenna, ƙanwar maman Elena, a ƙarshen sizin 2 da muryar mawaƙiya Birdy, ranar kam ajiye wayar na yi na share hawaye. Kuma waƙar The Fray da suka rufe efisod na farko da ita, ita suka dawo da ita a na ƙarshe bayan shekara takwas, wanda ya bi su tun farko shi ya san abin da hakan ke yi wa zuciya. Matsalarsa tsawo, kuma bayan Nina Dobrev, wadda ta fito a Elena, ta bari a ƙarshen sizin 6 armashin ya ragu, in filinka kaɗan ne ka ce a ba ka 1 zuwa 3 tukuna.

Teen Wolf ya fi sauƙin ɗauka, efisod 100 cif, 2011 zuwa 2017, yaro ne ɗan sakandare aka ciza ya koma yana rikiɗa kyarkeci, kamar dai labarin masu rikiɗa kura da muke ji muna yara. Kiɗansa na gudu da faɗa ne, ba ya zama a kai sosai. Amma rabin ƙarshe na sizin 3, lokacin da mugun ruhin nan Nogitsune ya shiga jikin Stiles, abokin yaron, fuskar Dylan O'Brien da ya fito a Stiles kaɗai ta isa ta hana ka barci, kuma a nan Allison, tsohuwar budurwar yaron, ta mutu.

Buffy, labarin yarinya mai kashe masu shan jini, tsohon hannu ne, 1997 zuwa 2003, efisod 144, hoton farkon zai yi maka wani iri sai ka yi haƙuri. Amma su ne suka yi efisod ɗin Hush, inda aka sace muryar mutanen gari aka yi kusan rabin awa babu mai magana sai kiɗa, suka kuma yi efisod ɗin The Body, mutuwar mahaifiyar Buffy, babu kiɗa ko ɗis, sai ƙarar iska da numfashinta tana kiran mama. Ni har yau ban ga wanda ya nuna rashin uwa kamar haka ba. In za ka karɓa ka nemi na tsohon hoto mai kusurwa huɗu, wanda aka faɗaɗa daga baya an yanke wasu wuraren.

Ko wanne ka zaɓa, ka sa iyafis ka gwada efisod ɗaya tun a shagon, waɗanda ake matsewa su koma MB kaɗan sautinsu ne ke fara lalacewa, in kuma mai fassara ne ka saurara ko muryar ta danne waƙar. Sannan duk ukun akwai jini da wuraren da ba na yara ba, ba na kallon falo ba ne. Ita dai ƙanwar tawa Vampire Diaries na ce ta karɓo, sizin 1 zuwa 3.