Buhun wake mai leda biyu: ya karɓi aduwa da yazawa, ya kashe kaɗe

Buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, ta gwada nan Maradi don ajiyar wake, na yi aiki da shi wajen ajiye irin itatuwa. Aikinsa guda ne: ya toshe iska, ƙwaro ya shaƙe ya mutu.

Ga aduwa babu kamarsa. A jiƙa ƴaƴan, a murje naman tsaf, a shanya ƙwallon ya bushe ƙarau, sannan a zuba. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, a ɗora buhun bisa katako nesa da bango saboda ɓera, don huda guda ta isa ta ɓata aikin. Tsutsar da ke cinye ƙwallon cikin buhun banza ba ta samun wuri. In za a shuka, a jiƙa kwana ɗaya.

Yazawa ma tana zama, amma sai an shanya ta kwana 2 zuwa 3, har ka girgiza ka ji ƙwayar na kaɗawa a ciki. Kada ta shekara. Ƙarfin tsirarta raguwa yake yi da watanni. Ranar shuka a zuba cikin bokitin ruwa, wadda ta taso sama a zubar. A binne santimita 3 zuwa 5, gefen da ke manne da ɗan itacen yana kallon sama, cikin mako 2 zuwa 3 za ta huda ƙasa.

Kaɗe kuwa, don Allah kada a sa shi ciki. Ƙwayar kaɗanya ɗanya take da rai, numfashi take yi. Ka rufe ta a leda, ta yi gumi, ta yi fumfuna, ta ruɓe. Ka shanya ta don gudun haka, ta mutu. Ƴan makonni kaɗai take jurewa bayan ta faɗo da damina, shi ya sa shuka nan take ta fi. In dole sai an jira, a turbuɗe ta cikin rairayi mai ɗan danshi a inuwa. Ta kasuwa galibi an dafa ta don mai, ba ta tsira ko kusa. Kuma saiwa take fara turawa ƙasa kafin ganye ya leƙo, wani lokaci fiye da wata guda, saboda haka kada a tone a ce ta mutu, a ci gaba da ban ruwa.